Hanci ba ma'aunin barasa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara kan wata shawara da ta fito a shafinku na kiwon lafiya. Marubucin, Allah ya saka masa bisa kyakkyawar niyyarsa, ya ce duk wanda ya samu abin sha na kwalba yana shakkar ko da barasa a ciki, ya buɗe ya sansana: in ya ji warin giya ya ajiye, in kuwa ƙamshin 'ya'yan itace ko na ganyaye ya ji, ya sha hankali kwance. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai, kafin nan kuma na yi aiki a ɗakin gwajin abinci da abin sha, inda sansane-sansane yana cikin abin da ake biyana albashi a kansa. Ni ba mashayi ba ne, ba kuma tallar giya ta kawo ni ba. Amma wannan shawara tana iya sa mutum ya zubar da abin shan da ba shi da laifi, ta kuma sa ya kwankwaɗi wanda zai kwantar da shi a gadon asibiti.

Sinadarin da ke bugarwa a kowace irin giya sunansa itanol, kuma ƙamshinsa ba shi da wani ƙarfi in aka gwada shi da abokan zamansa a kwalba. A giyar inabi ko ta tuffa ko ta abarba, mafi yawan abin da ke ciki ruwa ne zalla. A ta inabi itanol yakan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Sinadaran da ke ba ta ƙamshi kuwa, ɗaruruwa ne, amma in aka tattara su duka ba su wuce kimanin giram ɗaya a lita ba. Wannan ɗan giram ɗin shi hanci yake ji. Zafin nan da ke tsikarar hanci da maƙogwaro idan barasa ta yi ƙarfi, shi ma ba ƙamshi ba ne. Jijiyar da ke jin yajin barkono ce take amsawa.

Galibin wannan ƙamshi yis ne ke haifar da shi. Tun wajajen 1860 Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa tsumuwar ruwan 'ya'yan itace aikin ƙananan halittu masu rai ne. Yis yana cin suga, ya fitar da itanol da iskar kabon, amma a gefe guda yana ta zubar da wasu sinadarai ƙanana. Manya daga cikinsu su ne dangin esta, waɗanda ke samuwa idan asid ya haɗu da wani sinadari na dangin barasa. Akwai aisoamil asitet mai ƙamshin ayaba, akwai etil butiret mai ƙamshin abarba, akwai etil hekzanowet da ke tuna wa mutum tuffa. Shi ya sa giyar da aka yi da inabi zalla take iya ƙamshin ayaba, alhali ayaba ko kusa da ita ba ta zo ba. Masu wannan sana'a sun san cewa in aka bar tsumuwar ta tafi a hankali cikin sanyi, estocin sukan zauna a ruwan, in kuwa zafi ya yi yawa sai su bi iska su gudu.

Akwai gwajin da na fi jin daɗin yi wa ɗalibai. A zuba ɗan sinadarin aisoamil na dangin barasa (ba estar ba tukuna) a bututun gwaji, wanda shi kansa warinsa mai shaƙe maƙogwaro ne har ya sa mutum tari. A ƙara asid ɗin da ke cikin khal, a ɗiga asid ɗin salfa ɗigo biyu, a tsoma bututun a ruwan ɗumi. Bayan 'yan mintoci a juye shi cikin kofin ruwan sanyi. Wani siririn mai zai taso ya kwanta a saman ruwan, ɗakin gaba ɗaya ya gauraye da ƙamshin ayaba nunanniya. Yaran da ɗazu suke toshe hanci sai ka ga suna rige-rigen leƙa kofin. Babu ayaba a wurin, babu itanol, kuma abin da ke cikin kofin ba na sha ba ne sam. Da za a bi ƙa'idar marubucinku, wannan kofin ya ci jarrabawa. (Wannan mai, wato aisoamil asitet, yana cikin abin da ƙudan zuma ke fitarwa idan ta yi harbi, don ta kira 'yan uwanta faɗa, masu kiwon zuma sukan ji ƙamshin ayaba idan amya ta fusata.)

Shi kansa aisoamil ɗin yis ke yin sa daga wani tubalin furotin mai suna lusin. Felix Ehrlich na Jamus ya bayyana wannan hanya a 1907, har yau ma da sunansa ake kiran ta. Ta wannan hanya ce dai yis ke juya wani tubalin zuwa feniletanol, mai ƙamshin furen wardi. Halitta ɗaya, tukunya ɗaya, ta fitar da abin da ke shaƙe wuya da kuma abin da ake zubawa a turare.

Abin da yawancin mutane ke kira warin giya kuwa, haɗin gambiza ne na waɗannan sinadarai masu nauyi da wasu da ke fitowa idan abu ya fara lalacewa. Asitaldihaid yana wari irin na tuffar da ta bugu ta yi baƙi. Idan iska ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da itanol khal, daga nan a samu etil asitet, wanda in ya yi yawa yake wari kamar ruwan goge jan farce. Idan yis ya rasa isasshen naitirojin a ruwan da yake ci, sai ya fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan 'ya'yan itace da ya kwana a zafi yana iya ɗaukar wannan wari tun itanol ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai ma masana'antun da ke cire barasa daga giyar inabi da gangan. Wata na'ura da aka ƙirƙira a Ostiraliya tana fara tsotse sinadaran ƙamshi a ƙaramin zafi ta ajiye su gefe, sannan ta cire itanol, sannan a mayar da ƙamshin. A dokar Tarayyar Turai, irin wannan abin sha ba ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari na barasa, amma in ka sansana shi ba ka da shakka giya ce. Ko ya halatta a sha ko bai halatta ba, wannan magana ce ta malamai. Tawa ita ce hanci bai gaya maka gaskiyar adadin ba.

Ranka ya daɗe, ƙarfin ƙamshin sinadari ba shi da alaƙa da yawansa. Akwai na'urar da ake kira gas kuromatogiraf, wadda A. T. James da A. J. P. Martin suka fito da ita a Ingila a 1952. Ana ɗiga mata ɗan samfur, ya zama tururi, ya bi ta wani siririn bututu mai tsawon mitoci da yawa da aka naɗe a cikin tanda. Kowane sinadari da irin saurin tafiyarsa, don haka sai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. A wasu ɗakunan gwaji ana raba bakin bututun biyu: ɗaya ya tafi ga na'urar da ke zana sakamako, ɗayan ya fito ta wani ɗan mazurari na gilashi inda mutum zai sa hanci. Na sha zama gaban wannan mazurari, agogo a gefe, takarda a hannu, ina rubuta abin da na ji da lokacin da na ji shi. Iska mai ɗumi da ɗan laima tana busowa, shiru, sai kwatsam ayaba, daƙiƙa kaɗan ta wuce. Can sai man shanu. Can sai ɗanyen ganye da aka murje. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sau da yawa allon kwamfuta zai zana wani dogon tsauni, alamar sinadari mai yawa yana fita, hancina bai ji komai ba. Can kuma layin yana kwance shamɓal, na'ura ba ta ga komai ba, sai wari ya doke ni har in ja da baya.

Misali, sinadarin da ke ba ɗanyen tattasai ƙamshinsa, wanda kuma ake samu a wasu nau'o'in inabi, hanci yana kama shi a ruwa ko da nanogiram 2 ne a lita. Nanogiram kuwa shi ne giram ɗaya an raba shi gida biliyan. In aka lissafa, tafkin ninƙaya na gasar Olamfik mai cin lita miliyan 2.5 miligiram 5 kawai yake buƙata, abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Haka wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TCA, wanda masu bincike a Suwizalan suka gano a farkon shekarun 1980 cewa shi ke fitowa daga toshiyar kwalba ta ɓawon itace ya sa abin sha warin jiƙaƙƙen kwali. Nanogiram kaɗan sun isa su ɓata kwalba guda. Hancin da ke jin irin waɗannan da kuwwa, shi ne kuma yake jin itanol da raɗa, ko da itanol ya ninka su sau miliyoyi.

Sannan hancina da naka ba ɗaya ba ne. Linda Buck da Richard Axel, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2004, sun gano dangin ƙwayoyin gado da ke gina masu karɓar ƙamshi a cikin hanci. Ɗan Adam yana da kusan iri 400 masu aiki, kuma kowa da irin nasa bambancin. A 2008 masu bincike a Ostiraliya suka gano rotundon, sinadarin da ke ba masoro ƙamshinsa kuma yake cikin wani nau'in inabi. Sai suka tarar kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa ko an cika masa kofi. Ga mura, ga tsufa, ga sigari, ga gajiyar da hanci ke yi bayan ya sansana abu sau biyu ko uku. Ba a kafa dokar lafiya a kan ma'aunin da kowa ke yawo da nasa daban.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato abubuwan sha na ganyaye da saiwoyi. Marubucinku ya ɗauka ƙamshin ganye alamar tsarki ce. A kimiyyance, sau da yawa akasin haka ne. Ƙamshin tsirrai yana cikin mai ne: yujinol a kanumfari, sinamaldihaid a kirfa, mentol a na'a-na'a, limonin a ɓawon lemu, anetol a yansun. Waɗannan ba sa narkewa sosai a ruwa, amma suna narkewa lafiya lau a itanol. Don haka duk mai son ya tatso ƙamshin ganye ya riƙe shi a kwalba garau ba tare da ya rabu ba, barasa ce hanya mafi sauƙi gare shi, kuma mai ƙarfi. Ana jiƙa ganyen a cikinta kwanaki ko makonni, wani lokaci a dafa a tara tururin, sannan a zuba suga. Chartreuse, wadda wasu sufayen Kirista ke yi a kusa da Grenoble ta Faransa, ana haɗa ta da tsirrai 130, kuma koriyar tana da barasa kashi 55 cikin ɗari. Jägermeister ta Jamus tsirrai 56 ce, barasa kashi 35. A dokar Tarayyar Turai, irin wannan giya mai zaƙi galibi sai ta ƙunshi aƙalla giram 100 na suga a lita, barasarta kuma ba ta gaza kashi 15 ba. Ka ga ke nan mafi rauninsu ma ta kai ko ta fi giyar inabi ƙarfi. Suga yana danne zafin, mentol yana yaudarar jijiya ta ji sanyi, in an sa kwalbar a firiji kuma tururin da ke tashi ya ragu. Mai sansanawa zai ji kanumfari da ɓawon lemu, ya ce ai wannan magani ne.

Ido ma ya fi hanci amfani a nan. Giyar yansun, wadda ake kira uzo a Girka, raki a Turkiyya, fastis a Faransa, tana fitowa daga kwalba garau. Ɗiga mata ruwa, nan take farin gajimare zai tashi daga inda ruwan ya sauka, ya bazu, kofin duka ya koma fari fat. Dalili shi ne ruwan ya rage ƙarfin itanol, anetol ya rasa mai riƙe shi, sai ya fito ya zama ƙananan ɗigogin mai da ke warwatsa haske. In abin sha na ganye ya yi haka, akwai wani abu mai ƙarfi da ke riƙe da man. Alama ce kawai, ba hujja ba, domin akwai wasu sinadaran narkarwa ban da itanol, kuma rashin yin farin ba ya wanke kwalba.

Tarihin absint ya isa darasi kan yadda ƙamshi ke ɗauke hankali daga ainihin matsala. Giya ce koriya da ake yi da wani ganye ɗan uwan tazargade, haɗe da yansun. A ƙarni na 19 wani likitan ƙwaƙwalwa a Faris, Valentin Magnan, ya shaƙa wa dabbobin gwaji man ganyen zalla, suka kama farfaɗiya, sai aka ɗora laifin haukan mashaya a kan sinadarin tujon da ke cikinsa. A 1905 wani ma'aikacin gona a Suwizalan ya kashe iyalinsa bayan ya yini yana shan giyar inabi da wasu masu ƙarfi, amma kofi biyu na absint da ya sha su jaridu suka riƙe. Suwizalan ta haramta ta daga 1910, Amurka a 1912, Faransa a 1915. Da aka zo aka gwada tsofaffin kwalaben zamanin da na'urorin yau, sai aka ga tujon ɗin cikinsu galibi bai yi nisa da iyakar da Turai ta yarda da ita yanzu ba, wato miligiram 35 a kilo. Abin da ke kashe mutane shi ne barasar, wadda takan kai kashi 70 cikin ɗari. Suwizalan ta ɗage haramcin a 2005. Ba ina cewa sinadaran ganye ba su da illa ba ne. Tujon mai yawa guba ne, kuma Amurka ta hana sa kumarin a abinci tun 1954, ta hana safrol a 1960, duk da cewa dukansu biyu sinadaran tsirrai ne masu daɗin ƙamshi ƙwarai.

Wannan ya kawo ni ga mafi hatsari. 'Ya'yan itace irin su tuffa suna da fektin, abin da ke sa su kauri idan an dafa. Yayin tsumuwa, fektin yana sakin metanol. A giyar 'ya'yan itace da aka yi bisa ƙa'ida adadinsa kaɗan ne, kuma akwai iyakar da hukumomi suka sa. Matsala tana zuwa idan an dafa an tara tururi ba tare da sani ba, ko kuma, wanda ya fi yawa, idan marasa tsoron Allah suka haɗa da metanol na masana'antu don riba. Hanci ba ya bambance metanol da itanol, harshe ma haka. A cikin jiki hanta tana mayar da shi asid ɗin fomik, wanda ke lalata jijiyar gani. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi, kuma alamun sukan jinkirta awa 12 zuwa 24, lokacin da mutum ya ɗauka ya tsira. A watan Satumban 2012, bayan mutane da dama sun mutu a Jamhuriyar Cek, gwamnati ta dakatar da sayar da duk abin sha da ya wuce kashi 20 cikin ɗari na barasa. Kwalaben nan ƙamshinsu daidai yake da na kullum.

Haka 'ya'yan itace masu ƙwallo mai tauri, irin su ceri da afirkot. A cikin ƙwallon akwai amigdalin, wanda idan ya farfashe yake ba da benzaldihaid mai daɗin ƙamshin almon, tare da sayanaid a lokaci guda. Masu yin giya da irin waɗannan 'ya'ya suna son na farkon, suna fama da na biyun, kuma dole su auna, domin daɗin ƙamshin ba ya gaya musu yawan gubar da ta biyo shi.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta janye waccan shawara a fili, a shafin da ta fito. A gaya wa masu karatu su duba takardar jikin kwalba: adadin barasa ana rubuta shi da lamba da alamar kashi cikin ɗari, jerin kayan haɗi kuma yakan nuna ko an jiƙa ganyen a itanol ne. Kwalbar da ba ta da takarda, ko aka ɗura ta a wata tsohuwar kwalba, ko murfinta ya nuna an taɓa buɗewa, a bar ta komai daɗin ƙamshinta. Auna itanol ba abu ne mai wuya ba ga ɗakin gwaji: a dafa samfur, a tara abin da ya tashi, a auna nauyinsa a gwada da na ruwa. Metanol kuwa sai da na'ura irin wadda na ambata ko gwajin sinadari na musamman. Wanda kuma ya riga ya sha wani abu, daga baya ya fara ganin hazo-hazo, ko ciwon ciki da amai da numfashi sama-sama, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a jira gari ya waye. Akwai maganin da ke tare metanol kafin hanta ta juya shi, amma sai an ba da shi da wuri yake ceton ido.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon malamin kimiyyar sinadarai